Gyaran da Na Hana Goggo Asabe

Gubuchi, ta Makarfi.

Zuwa ga autata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yayarki da maigidanta da yara. Yaya Zariya, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya kuma tsare ki a inda za ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Na rubuto ne saboda maganar da kika yi mini a waya. Kin ce kin kwance jakar da kika ɗaure, ba lallai ki wuce Legas ba, aikin da kamfanin kayan miyan nan ya ɗauke ki za ki bar musu abinsu. Dalili kuwa, ranar da za ki bar gida kawunki Sale ya tare ki a zaure ya ce, "Yanzu ke, waɗanda suka kashe wa uwarki sana'a za ki je ki yi wa bauta?" Kika tambaye ni ko tafiyar nan cin amanata ce. Ban ba ki amsa ba, don a waya mutum bai gama tunani ba kati ya ƙare. Kin ce Litinin ake son ki a ofis, in ba ki je ba a ba wani. To ki karanta wannan kafin Litinin.

Kawunki ya faɗi rabin gaskiya. Sana'a ta mutu, wannan babu musu. Lokacin da kike goye, ba a raba murhuna da tukunyar kalwa, kuma daddawata har daga Ikara da Kudan ake aikowa a saya. Yau sai wadda za mu ci, da 'yar wadda maƙwabta suka roƙa. Amma Sale bai taɓa zama a bakin faifai ya sayar da ko guda ɗaya ba, shi rake ya sani. Ni kuwa na zauna, na ga yadda abin ya tafi, kuma da hannuna a ciki. Tunda kin ce aikinki shi ne ki bi kasuwanni da gidaje ki gano abin da mata ke saye da dalilin sayensa, bari in ba ki abin da na gani daga ɗaya gefen faifan. Kuɗin wannan darasin ma an riga an biya, ni na biya.

Kuskurena na farko raini ne. Dunƙulen miya ya daɗe a birni, amma mu a ƙauye ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Wata ranar kasuwar Makarfi sai ga motar wani kamfani da lasifika, da 'yan mata masu riga iri ɗaya. Suka ɗora ƙatuwar tukunya suka yi dafa-duka a gaban jama'a, kowace mace a ba ta ɗanɗano a kuma danƙa mata dunƙule biyu kyauta. Talatu, wadda muke zama gefe da gefe muna sayar da daddawa, ta karɓo ta nuna mini. Na juya shi a hannu na ce, "Wannan alewa ce ko maganin ciwon kai? Abin da bai kwana a rufe ya ruɓa ba, ina zai iya da miyar kuka?" Muka yi dariya. Ni a lokacin faifan Talatu nake kallo, don ita na ɗauka abokiyar takarata. In ta sayar da biyar na sayar da huɗu, raina ya ɓaci. Motar da ke bayana kuwa ko waiwaye ban yi mata ba.

Sai bayan shekaru na gane ba ɗanɗano suke sayarwa ba. Daddawa sai wadda ta iya. In ta yi yawa miya ta yi wari, in ta yi kaɗan miya ta yi lami, kuma sai an daka. Amarya sabuwa da ke tsoron uwar miji ta ɗanɗana miyarta ta taɓe baki, me take nema? Abin da za ta ɓare ta jefa, kullum ya fito iri ɗaya, hannunta kuma bai yi wari ba. Kwanciyar hankali suka naɗe a takarda suka sayar mata. Kuma ki lura da inda suka fara. Ba su ɓata lokaci a kan tsofaffi ba. Gidajen biki suka bi, ana sa ledarsu a cikin kayan gara, yarinya ta fara girkin aurenta da shi. Tsofaffin suka bar mini, ni kuma ina murna ina cewa manyan mata duk nawa ne. Na manta tsofaffi raguwa suke yi, amare kuwa kowace shekara sai an yi sababbi.

Saboda haka, in aka tura ki wani gari, kada ki tsaya a kan abin da ke hannun mai saye. Ki tambayi kanki wace wahala take gudu, wace kunya take gudu. Kuma duk abin da kika ji manyanku suna yi wa dariya a ofis, ki sa masa ido. Su ma yanzu sun yi girman da za su iya yin irin rainina.

Na biyu, maganar farashi. Aka shiga sare ɗorawa, masu gawayi da masu katako, kalwa ta yi tsada. Na zauna na yi shawara da zuciyata. Ko dai in rage girman daddawa, ko in ƙara kuɗi. Na ce ni 'yar gidan sana'a ce, faɗin da uwata take yi shi zan yi, ba za a ce ta Gubuchi ta ƙanƙance ba. Na ƙara kuɗi. Ina ganin na yi abin mutunci.

Abin da ban lissafa ba shi ne, yawancin masu sayen ba su ne ke zuwa ba. Mace tana cikin gida, ta kwance bakin zaninta ta ba yarinya abin da ta saba bayarwa, ta ce a sayo mata daddawa. Yarinya ta zo, na ce an ƙara. Ba ta da ikon ƙarawa, ba ta kuma son komawa hannu rabbana a yi mata faɗa, ga tukunya a kan wuta. Sai ta ratsa shagon bakin hanya, inda kuɗin hannunta ya isa daidai, ta sayi dunƙule. Rana ɗaya, biyu, uwar ta saba. Su ma kamfani tsadar kaya ta same su kamar yadda ta same ni. Amma ba su taɓa farashin ba, dunƙulen suka rage, takardar kuwa tana nan da launinta. Sun san kuɗin miya a ƙauye ba a kasuwa ake yanke shi ba, maigida ne ya yanke shi da safe kafin ya tafi gona, kuma ba ya ƙaruwa don kalwa ta yi tsada. Haka suka yi da madara, da omo, da tumatirin gwangwani. Duk suka farfasa su zuwa 'yan ƙananan ledoji, daidai abin da ke bakin zane. A ce a ƙasar da ake zubar da tumatir a bakin hanyar Ikara in ya yi yawa, mace ta sayi na leda. Amma tana saye, don shi ba ya ruɓewa kuma ya zo daidai kuɗinta.

Ki riƙe wannan. Kafin ki rubuta cewa mutanen wuri kaza ba sa son kayanku, ki fara gano wa ake aika, da nawa ake aikensa. Sai dai ina da magana a nan, kuma ba ta kasuwa ba ce. Rage girma dabara ce, in mai saye yana gani da idonsa. In kuwa aka rage ciki aka bar leda ta kumbura da iska don kada a gane, wannan tauye mudu ne, ko da injin ne ya tauye. Kin san abin da malamai suka faɗa a kansa. Ba ke za ki yanke hukunci a kamfani ba, na sani, ƙaramar ma'aikaciya ce ke. Amma in an tambaye ki, ki faɗa sau ɗaya, a fili, cikin ladabi, sannan ki yi shiru. Kada dai a ce dabarar daga bakinki ta fito.

Na uku, ni mai jiran ranar kasuwa ce. In dafa, in surfa, in wanke, in rufe, in daka, in shanya, sannan in ɗauka in kai. Wanda daddawarsa ta ƙare tsakiyar mako sai ya aiko har gida ko ya haƙura. Su kuwa ba su jira kowa ba. Kowane lungu akwai tebur, kowane tebur akwai kayansu a rataye kamar carbi. Wani wakilinsu ya taɓa samuna, mutum mai fara'a, ya ce, "Inna, mata sun san ki. Mu ba ki tebur da lema, ki ɗora namu kusa da naki." Na ce masa ni ba na sayar da abin da ban san yadda aka yi shi ba. Ya yi godiya ya matsa gaba, wurin Talatu. Ita ta karɓa.

Shekarun farko Talatu ta ji daɗi, har ta sayi keken ɗinki. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya aka ce mata kada ta ɗora kayan wani kamfani a kan teburin, tunda nasu ne. Aka ce daddawa tana sa wa ledoji wari, ta sauke ta. Da ta daina dafa kalwa gaba ɗaya, sai suka ba wasu mata uku a layinta irin teburin da irin lemar. Ribar da take ci ita kaɗai aka raba huɗu, su kuwa kayansu sun ƙara fita. Ta zo mini tana cewa an yaudare ta. Na ce babu wanda ya yi mata alkawarin ita kaɗai ce, ita ta ɗauka haka. Su ba Talatu suke so ba, layin suke so.

To, wa ya yi daidai, ni ko ita? Babu. Da na karɓi kayan na sayar a kan faifaina ba tare da teburinsu ba, da mai neman dunƙule ta zo wurina ta ga daddawa. Da Talatu ba ta kashe murhunta ba, da tana da abin komawa. Wannan ya shafe ki kai tsaye. Za su ba ki albashi, wataƙila waya da mota, su ce ku duk 'yan gida ɗaya ne. Ki karɓa, ki yi musu aiki tsakani da Allah, halalinki ne. Amma kyautar kamfani da igiya a gindinta, ki san tsawon igiyar. Kada ki kashe murhunki. Ki koyi aikin yadda ko babu lemarsu za ki iya tsayawa a rana.

Na huɗu shi ne wanda har yau yake damuna, kuma babu kamfanin da ya sa ni. Da ciniki ya ja baya na fara neman inda zan tsuke, sai idona ya faɗa kan gyara. Kin san yadda nake yi, duk wadda ta saya sai na gutsura wani ɓari na ɗora mata a kai. Na ce ai wannan asara ce, masu shago ba sa yi kuma ba a fasa saye a wurinsu ba. Na yanke shawara na daina.

Akwai wata tsohuwa, Goggo Asabe, daga Dandamisa. Tun uwata na da rai take sayen daddawar gidanmu, ba ta taɓa tsayawa a faifan kowa ba. Ran nan ta zo, muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi ciwon ƙafar marigayi babanki. Ta saya, na ƙulle na miƙa mata. Ba ta janye hannun ba, ta bar shi a buɗe tana jira. Da ta ga ban motsa ba ta ce, "'Yar nan, ba gyara?"

Na ce, "Goggo, zamani ya canja, kalwa ta yi tsada."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah Ya kawo sauƙi." Ta sa ƙullin a ƙwarya ta tafi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma sake zuwa ba. In ta hango ni a kasuwa sai ta ɗaga hannu daga nesa. Har ta rasu ban je na ba ta haƙuri ba, ina ta cewa sai wani makon.

Ba ɓarin daddawa take nema ba, gidanta ba a rasa abinci. Gyara shi ne shaidar cewa na san ta, ba kowa da kowa ba ce a wurina. Kuma shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda kamfani ba shi da shi. Sun fi ni kuɗi, sun fi ni mota, sun fi ni araha. Ni kuwa na san wadda ta haihu, na san wadda mijinta ke kwance, na san wadda zan ƙara wa ba tare da ta tambaya ba. Sai na ɗauki wannan na yar, don in yi kama da su. Abin dariya, ba a daɗe ba su suka fara kwaikwayona. Suka rubuta a jikin leda wai in ka sayi kaza an ƙara maka kyauta. Mata sun karɓa, amma ban taɓa jin wadda ta kira shi gyara ba. Abin da aka rubuta tun daga Legas, kowa ya samu daidai da kowa, ƙari ne kawai. Gyara sai an dubi fuska.

Abin da za ki ɗauka a nan biyu ne. In abu ya tsananta, a kamfani ko a rayuwarki, kada ki fara yanke abin da ya bambanta ki da wasu don kawai shi ne mai sauƙin yankewa. Sannan akwai 'yan tsirarun mata da har yanzu suke cin abinci da kalwa, a nan da Kurmin Kogi da sauran wurare. Ba na ce ki kare su ba, ba za ki iya ba, kasuwa ba ta da uwa. Na ce dai in kin zo wurinsu da tambayoyinki, ki gaya musu ko ke wace ce da wanda ya aiko ki. Kada ki shiga da sunan 'yar Inna mai daddawa ki fita da sirrin tukunyarsu.

Tunda na ambaci tambayoyi, ga wata. An taɓa turo wasu 'yan mata irinki, gida gida, suna tambayar me muke sa wa miya. Kusan duk matan unguwarmu suka ce daddawa, daddawa zalla, mu ba ma son kayan zamani. Suka rubuta suka tafi. Ba ƙarya matan suka yi niyya ba. Uwar miji tana zaune a gefe, wa za ta ce ta koma jefa dunƙule a ce mata raguwa? Da 'yan matan sun leƙa tokar murhu, da sun ga takardun dunƙule a ƙone rabi da rabi. Ke kin tashi a cikinmu, kin san bakin mace a gaban baƙo daban, madafinta daban. Ki gaisa, ki sha ruwa, ki saurara, amma ki dubi toka. In kin gani kuma kada ki kunyata mai gidan, ki rubuta abinki ki yi shiru.

Yanzu amsar tambayarki. Tafiyarki ba cin amanata ba ce. Sun yi dabara, ni na yi taurin kai, ɗorawa ta ƙare, mata sun sami abin da ya rage musu daka. Ba na ƙaunarsu, ba na kuma gaba da su. Abin da zai ɓata mini rai shi ne in ga karatun da aka yi da kuɗin kalwa ya ƙare a ƙarƙashin gadon yayarki saboda maganar zaure. Ina kewarki tun yanzu, ɗakin ya yi mini girma, amma wannan nawa ne, ba naki ba.

Tun bayan Goggo Asabe na ce ba zan sake sallamar kowa babu gyara ba, to ga naki. Miyar kukan nan da kawunki Sale yake zuwa ci duk Juma'a, yana lashe hannu yana cewa a nan kaɗai ya rage ake girkin asali babu kayan kamfani, da dunƙule a cikinta. Daddawa da dunƙule, tare. Tun kafin a yaye ki nake sawa. Na gwada ne wata rana don in tabbatar ba shi da daɗi, babanki ya ce miyar yau ta fi ta kullum, shi ke nan. Takardun a murhu nake ƙonawa, kuma ranar da 'yan matan nan suka zo ni ma daddawa zalla na ce musu. Ke da kike tsoron ki ci amanata, da shi kika girma. Na riga ki shiga hannunsu da fiye da shekara ashirin, ni ban ma karɓi albashi ba. Kada ki gaya wa kawunki, ki bar shi ya ci abincinsa cikin kwanciyar hankali.

Ki ɗaure jakarki. Direban da zai kawo miki wannan takarda zai ba ki ƙullin daddawa, na naɗe shi a leda biyu don kada ya ɓata miki kaya. Ɓarin da ke sama ba kuskure ba ne.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki riƙe mutuncinki, ki kira ni in kin sauka. Allah Ya kai ki lafiya, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, Ya sa albarka a abin da za ki samu. Allah Ya ji ƙan babanki, Ya ji ƙan Goggo Asabe. Ki gaida yayarki da maigidanta, ki shafa mini kan yara.

Na yafe miki duniya da lahira. Wassalam.

Mahaifiyarki,
Inna